Kunyar Da Ba Ta Da Ɗan Aike

Duk wanda ya karanta littattafan soyayya na Hausa ko da guda biyar ne ya san waɗannan mutum biyu. Na farko saurayi ne mai natsuwa, wanda in yana majalisar abokansa ba a kai shi iya zance ba, amma da zarar yarinyar ta gifta sai harshe ya ɗaure, gumi ya karyo, ya shiga sosa ƙeya. Ta biyu budurwa ce, kanta kullum a sunkuye, tana wasa da gefen mayafi. A tambaye ta sau uku, amsar ɗaya ce, shiru. Babi goma ya wuce, ashirin ya wuce, marubuciya ta ce mu haɗu a littafi na biyu, har yanzu ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan.

A nan Zangon Kwatano mun daɗe da sanin su. Da, cikin kayan 'yan kasuwa suke zuwa daga Kano, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire. Yanzu a waya suke, a WhatsApp da Wattpad da YouTube, inda ake karanta su da murya. Uwargida tana girki tana saurare, yaro mai jiran mai saye a filin motocin Sekanji, can wajen Seme, ya toshe kunne yana bin labarin. Muna son waɗannan taurari, muna tausaya masu, wani lokaci har muna fatan 'ya'yanmu su yi kama da su. Tambayar da nake so mu tsaya a kanta ita ce: wannan shirun nasu halin kirki ne, ko kuwa rauni ne muka yi wa kwalliya? Kuma wa yake biyan kuɗinsa idan ya fito daga littafi ya shigo gida?

Kafin a amsa, sai an ba kunya haƙƙinta. Bahaushe bai ɗauke ta ƙaramin abu ba. Lokacin da Bature Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wajen Hausawa a 1974, kunya tana cikin siffofin da ya jera tare da gaskiya da amana da haƙuri da mutunci da sauransu. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ce ke sa suruki ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ita ce ke sa mace ta laƙaba wa mijinta wani suna maimakon na yanka. Addini kuma ya sanya ta cikin rassan imani. Zagin da ya fi ciwo a unguwa shi ne a ce wa mutum mara kunya. Don haka marubucin da ya ba tauraronsa kunya yana gaya mana ne cewa yaron nan ɗan mutunci ne, kuma mun fahimta.

Sai dai akwai abin da mukan manta. Al'adar da ta koya wa matasa rufe baki ita ce kuma ta tanadar masu bakin aro. Saurayin da ba zai iya tsayar da yarinya ba yana da ƙanwa ko yaron maƙwabta da zai aika. Yana da aboki mai rakiya zance, wanda sau da yawa shi ke yin rabin maganar. Yana da kawu ko baffa da zai je neman iri. Ko sunan kuɗin da ake fara kaiwa, "na gani ina so", magana ce da aka ɗora a kan kuɗi don baki ya huta. Ita ma yarinya tana da ƙawa, tana da gwaggo, tana da kaka wadda za ta ja ta ɗaki cikin wasa ta tambaye ta, ta kuma gane amsar ko da daga yadda ta juya ƙeya ne. Ranar da aka kai amarya, ba ta magana sai abokan ango sun sayi baki, kowa kuma ya san wasa ne mai ƙa'ida, mai farko da ƙarshe. Wato kunyar da muka gada ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba. Kullum da ɗan aikenta a gefe.

Marubuci, babban ɗan aike

A cikin littafi, wa yake wannan aikin? Marubuci ne. Ku lura da kyau: tauraron da ba ya magana, a gaskiya ba wanda ya kai shi surutu. Bakinsa a rufe yake, amma marubuci ya buɗe mana ƙirjinsa. Mun san abin da ya ce a ransa lokacin da ta wuce, mun san daren da ya kasa barci, mun ga wasiƙar da ya rubuta ya yaga. Masu aikin rediyo sun fi kowa sanin wannan, domin a rediyo shiru ba ya isar da komai. Daƙiƙa biyar na shiru, mai sauraro zai ɗauka batir ne ya mutu. Shi ya sa mai karanta labari a rediyo, idan ya zo inda budurwa ta yi shiru, dole ya cika wurin da muryarsa, ya ce "a zuciyarta kuwa cewa take yi..." Da wannan jimlar kaɗai ake ceto ta. Mu masu sauraro muna jin shirun da daɗi ne saboda an fassara mana shi.

Bayan fassara, marubuci yana da wani iko kuma. Shi ke riƙe da ƙaddarar mutanensa. Idan shiru ya kusa kai su ga halaka, sai ya sa wasiƙa ta faɗo daga cikin littafi a gaban wadda aka rubuta dominta, ko ƙanwa ta yi suɓutar baki, ko zazzaɓi ya kama saurayi ya yi ta sambatu da sunanta a gadon asibiti. A ƙarshe gaskiya tana fitowa ba tare da mai ita ya ɗauki nauyin faɗarta ba. Ya sami lada biyu: an yaba masa da kunya, kuma ya auri wadda yake so.

To a rayuwa ba mai ba da labari. Ba wanda ke biye da kai yana shaida wa mutane abin da ke ranka. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska tana da harsuna da yawa, kuma kowa da yadda yake karanta ta. Sunkuyar da kai na iya nufin so, yana iya nufin tsoro, yana iya nufin ƙi. Yarinyar da ta tashi da waɗannan labarai tana iya zaton wani zai karanta shirunta kamar yadda ita ta karanta na tauraruwarta. Saurayi kuma ya zauna jiran ranar da wasiƙarsa za ta faɗo da kanta. Ranar ba ta zuwa, sai katin ɗaurin aure.

Wannan ya fi tsanani a wuri irin namu. Zango garin baƙi ne. Yaro ya baro Maraɗi ko Sakkwato ko Tawa yana da shekara ashirin, ya zo Dantokpa ko filin motoci neman abin kansa. Ya taho da kunyarsa cikakkiya, amma ya baro ƙanwar da gwaggon da baffan a gida. Yarinyar da ya gani kuma wataƙila haifaffiyar Kwatano ce, ta yi makarantar Faransanci, tana jin Fon da Dendi, ta saba da mutanen da ke faɗin abin da ke ransu kai tsaye. Shi yana ganin shirunsa girmamawa ce, ita tana ganin bai damu da ita ba. Da can maigidan da yaro ke zaune a ƙarƙashinsa shi ke tsayawa a matsayin uba, matar maigida ta zama gwaggo. Inda wannan ya rage, alhamdu lillahi. Inda ya yi rauni, an bar matasa da rabin al'ada: an ba su shirun, ba a ba su ɗan aiken ba.

Mutum na uku

Ba Hausawa kaɗai ke son irin waɗannan taurari ba. Waɗanda suka yi boko a nan Benin wataƙila sun gamu da Cyrano de Bergerac, wasan kwaikwayon da Edmond Rostand ya rubuta a Faransa a 1897. Maza biyu ne ke son mace ɗaya, Roxane. Christian kyakkyawa ne amma ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban mace. Cyrano kuwa gwanin magana ne, sai dai girman hancinsa ya sa yana ganin ba macen da za ta so shi. Sai suka haɗa kai, Cyrano yana rubuta wasiƙu da sunan Christian. Christian ya mutu a fagen yaƙi, Roxane ta shige gidan ibada tana makoki, Cyrano yana ziyartarta shekara da shekaru bai faɗa mata ba, sai ranar da yake gargarar mutuwa ta gano gaskiya. Masu kallo sukan yi kuka don Cyrano. Ni Roxane ce ke ba ni tausayi. An hana ta sanin wanda take so a zahiri, an yanke mata hukuncin rayuwarta ba a tambaye ta ba, kuma wanda ya yi mata haka yana ganin sadaukarwa ya yi.

Haka fim ɗin Indiya da kusan kowane gida ya kalla, Kuch Kuch Hota Hai na 1998. Anjali ta ɓoye son da take yi wa Rahul, ta hau jirgin ƙasa ta tafi. Bayan shekaru aka sake haɗa su, muka yi murna. Amma wa ke tuna Aman, wanda ya nemi aurenta da zuciya ɗaya, ta amsa, aka shirya biki, sannan a ranar auren ya gane zuciyarta tana wani wuri? Fim ya sa shi ya yi murmushi ya janye. A gidajenmu Aman ba ya janyewa, domin bai ma sani ba. Ana ɗaura auren, ya zauna da matar da jikinta ke ɗakinsa hankalinta na waje, ya yi ta neman laifin da ya yi. A nan ne maganar ta tashi daga batun hali ta koma batun haƙƙi. Shirun da ke cutar da mai shi kaɗai, ana iya cewa ruwansa. Shirun da ke jawo wani bawan Allah cikin auren da ba a so, ko ya bar wata tana jiran abin da ba a faɗa mata ba, ya zama alhaki, ko da kuwa da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Ga mace abin ya fi haɗari, saboda shirunta yana da hukunci. Ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha ta nuna wa Manzon Allah (SAW) cewa budurwa takan ji kunya idan aka nemi izininta, shi kuma ya bayyana cewa shirunta yana tsayawa a matsayin izini. Rangwame ne aka yi wa mai so wadda nauyin baki ya hana ta cewa e. Malaman Malikiyya, duk da sun ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, sun yi bayani a kan wadda ake neman yardarta. A Muhtasar na Shaihu Halil an so a sanar da ita tun farko cewa shirun nata za a ɗauke shi yarda, kuma idan ta ƙi ko ta nuna ƙyama ba a aurar da ita. Amma kuka kaɗai ba a lissafa shi ƙi ba, domin mai so ma takan yi kukan rabuwa da gida. Ku duba wannan da kyau. Hawayen da tauraruwar littafi ke zubarwa babi bayan babi, waɗanda mu masu karatu muka san ma'anarsu, a wajen waliyyi ba su isa hujja ba. Abin da ke tsayar da aure shi ne a ji daga gare ta, ko daga wanda ta aika.

Dokar iyali ta Jamhuriyar Benin ta 2004 ta sa shekara 18 a matsayin shekarun aure, ta kuma wajabta kowanne daga cikin biyun ya ba da yardarsa da kansa. Amma auren da yawancinmu muka sani a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura shi, waliyyi da wakili ke magana, amarya tana cikin ɗaki. Saboda haka duk nauyin yana kan tambayar da aka yi mata kafin ranar, da kuma ko an koya mata cewa tana da damar amsawa.

Ƙorafin iyaye

Na san abin da wani dattijo zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce, kai malam, a wannan zamanin da yara ke kwana a waya, a garin da ke bakin teku inda ido ke ganin komai, kunya ce ta yi mana yawa? Ai ƙarancinta ne ke damunmu. In littafi ya nuna yarinya mai sunkuyar da kai, a bar shi ya nuna, ko banza ya fi wanda ke koya rashin ta-ido. Irin wannan damuwa ce ta sa a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a Kano, bisa zargin suna ɓata tarbiyya.

Ban musa cewa akwai littattafan da suka wuce gona da iri ba. Amma zaɓin da ke gabanmu ya fi biyu. Tsakanin yarinyar da ba ta iya cewa komai da wadda ba ta jin nauyin kowa akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa magabata suka zauna. A Suratul Ƙasas, matar da ta zo wa Annabi Musa (AS) an siffanta tafiyarta da kunya, amma ta isar da saƙon mahaifinta sarai, kuma ɗaya daga cikin 'yan matan biyu ce ta ba uban shawarar ya ɗauke shi aiki. Nana Khadija, kamar yadda masu tarihi suka kawo, ita ta fara nuna sha'awar auren Manzon Allah (SAW), ta hanyar ƙawarta Nafisa. Sayyidina Ali ya ji nauyin yi wa Manzo wata tambaya ta tsarki saboda yana auren 'yarsa, sai ya aiki Miƙdad ya tambayo masa. Barira, bayan an 'yanta ta, Manzo ya yi mata maganar ta koma wa mijinta Mugis wanda ke bin ta yana kuka. Ta tambaya cikin ladabi ko umarni ne, da ta ji ceto ne kawai, ta ce ba ta da bukata, kuma ba a tilasta ta ba. Khansa'u 'yar Khidam, bazawara, ta kai ƙarar auren da mahaifinta ya yi mata ba da sonta ba, aka warware shi. Ba ɗaya a cikin waɗannan da za a kira mara kunya. Kunyarsu ta zaɓa masu hanya da lafazi da lokaci, amma saƙon ya isa.

Wannan ne ma'aunin da nake ganin ya kamata mu riƙe. Kunya tana tambaya: ta yaya zan faɗa, ta bakin wa, a gaban wa? Tsoro kuwa cewa yake kada a faɗa sam, don kada a ƙi ni. Akwai kuma na uku, wanda ya cika littattafan intanet na yanzu, wato miskilanci: attajirin saurayi mai ɗaure fuska, wanda ke wahalar da yarinya da shiru da harara har babi hamsin, a ce wai so ne ya yi masa yawa. Wannan girman kai ne, kuma yarinyar da ta koyi fassara wulaƙanci da so ta koyi darasi mai tsada. Su ukun a waje kamarsu ɗaya, duka shiru ne. Ana bambanta su da tambaya guda: shirun nan wa yake karewa? In mutuncin wani yake karewa, kunya ce. In kai yake karewa daga jin "a'a", sai a kira shi da sunansa.

Adabinmu ma bai rasa waɗanda suka gane haka ba. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu hali ce ta fara nuna wa Muhammad talaka so, kuma bala'in da ya biyo baya ya taso ne daga manyan da suka ƙi sauraron abin da ta faɗa, har ta kai ga faɗawa rijiya. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an aurar da ita tana ƙarama, Abu da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo ba ta tsaya kuka a ɗaki ba, ta nemi ilimi ta tsaya da ƙafafunta. Waɗannan littattafai sun sha suka a lokacinsu, amma sun nuna abin da labaran masu shiru ke ɓoyewa: matsalar sau da yawa tana wajen masu ji ne, kuma al'ummar da ke yabon shirun 'ya'yanta tana sauƙaƙa wa kanta rashin saurare.

Ban ce marubuta su kori mai kunya daga littafi ba. Yana nan a cikinmu, kuma akwai daɗi a ganin mutum yana kokawa da harshensa. Roƙona shi ne su daina yi masa aikinsa. A bar shi ya ɗanɗana abin da shiru ke jawowa, ba tare da wasiƙar da ke faɗowa da kanta ba. A nuna mana shi yana tattara ƙarfin hali ya je wajen maigidansa, gumi na zuba, ya ce, "Baba, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa." A nuna mana yarinya ta sami gwaggonta a kicin ta ce, "Gwaggo, ki gaya wa Abba ina neman afuwa, amma raina bai kwanta ba." Wannan ma jarumta ce, kuma ta fi kusa da abin da masu karatu za su bukata ranar da tasu ta zo.

Mu kuma manya, musamman a Zango inda dangi suka yi nisa, sai mu karɓi aikin ɗan aike da hannu biyu. Maigidan da ke da yara a shago ya san cewa amanar da aka ba shi ba ta tsaya a kan kuɗin ciniki ba. Uwa ko yaya da za ta tambayi yarinya, ta tambaye ta a keɓe, ta faɗa mata a fili cewa shirunta za a ɗauke shi amincewa, ta kuma ba ta kwana biyu ta dawo da amsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma ba ranar wankan da ta kai ranar da ake yanke wa mutum da wa zai ƙare rayuwarsa. Allah Ya ba mu kunyar da ke tsare mutunci, Ya kuma ba 'ya'yanmu bakin faɗin gaskiyarsu da kunnen da zai saurare su.